Keken Uwata a Garejin Manya

Jiya na ci kwalliya, na goge takalmina har yana ɗaukar ido, na tafi bikin buɗe gareji. E, gareji dai, inda ake ajiye mota. Kada ku yi dariya tukuna, ku bari in zauna in ba ku labari.

Ni mai tsaron sito ne a shagon fenti, karatuna bai yi nisa ba, kuma ban taɓa mallakar ko tayar mota ba. Amma gidan da muke haya yana da gareji, a ciki babbar 'yata take ɗinka jakunkuna. Uwata nake ce mata, saboda sunan mahaifiyata gare ta. Ta gama makaranta, ta nemi aiki har ta gaji, sai ta jawo tsohon keken ɗinkin kakarta ta fara haɗa jakar 'yan makaranta da tamfol da ragowar fata. Kwanakin baya wata mai shago ta ce ta kawo mata jakunkuna kafin a dawo daga hutu, in sun yi kyau za ta riƙa ɗauka kullum. A ɗaya gefen kuma wata ƙawarta ta samo mata aiki a wani katafaren kanti a gari mai nisa, ta riƙa tsayuwa tun safe tana tallar jakunkunan wasu.

"Baba," in ji ta, "in ɗinkin nan bai fita ba, tafiya zan yi."

Tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Yarinyar da in ta je shagon bakin layi sai na fito ƙofa ina leƙe, ita ce za ta tafi inda ban san kowa ba? Don haka ƙarar keken nan ta zama mini kiɗa. In na ji ta, na san 'yata tana gida.

Makon jiya sai ga mota ta tsaya, wani bawan Allah daga hukuma ya sauko da tarin kwaɗuna a hannu, mutanensa na biye. Mu kira shi Yallaɓai Mai Kwaɗo, Allah ya ƙara masa makullai.

"Wannan ɗakin mene ne?" ya tambaye ni.

"Gareji ne, ranka ya daɗe."

"Ina motar?"

"Muna dai jiranta, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba. Ya ce gareji na mota ne, unguwar nan kuma ta kwana ce, ba ta sana'a ba. Kafin in gama haɗa roƙona sun cicciɓi keken sun jefa a bayan mota, sun danna wa ƙofa kwaɗo. Sa'armu ɗaya, tamfol ɗin da ta yanka yana cikin gida. Na yi ta zarya ofishinsu, kullum amsa guda ce: Yallaɓai ba ya nan, suna shirin babban taro. Uwata kuwa ta sauko da akwatinta daga kan sif ta fara kakkaɓe shi. Uwar yara ta daina yi mini magana sai da ido.

Maƙwabcina Mai Faci ne ya kawo labarin taron. Mutum ne da in ba ya lallaɓa taya to yana lallaɓa waya, ba tarihin da bai sani ba.

"Maƙwabci," in ji shi, "duk tambarin nan da kake gani a ƙirjin yara da gefen takalminsu, ka san daga ina suka fito? Wani a bayan motarsa ya fara sayar da takalmi. Wata huluna take ɗinkawa a ɗakin aro. Wani akwatin matafiya yake haɗawa da hannunsa. Wasu kuma a gareji suka faro, kamar 'yarka. Yau jikokinsu ko farashin fetur ba sa tambaya."

"Su ba a zo musu da kwaɗo ba?"

"Ina na sani? Wayar ba ta faɗa ba. Amma manyanmu ma sun ji labarin. Sun ce tunda a gareji ake fara zama babban kamfani, abin da ya hana mu ci gaba shi ne rashin gareji mai inganci. Sun gina guda. Gobe za a buɗe, kuma mutuminka mai kwaɗo zai je."

Shi ya sa na ci kwalliya. Uwata ta ce sai ta bi ni, wai kada in je in yi abin da za a sa ni a labarai.

Jama'a, ni dai ban taɓa ganin gareji irin wannan ba. Bene ne, gaba duk gilashi, ƙasa tayil mai santsi, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Akwai ɗakin taro, akwai ɗakin hutawa bayan taro, akwai ɗakin da ake shirya taro na gaba. Na tambayi wani mai ɗauke da lemo inda matasa za su zauna su yi aiki, ya ce ai ba a shigo da kayan aiki nan, suna ƙarce tayil.

Babban baƙo, Mai Girma Mai Almakashi, ya hau mumbari, agogonsa kaɗai ya isa ya biya mini haya har in mutu. Ya yi jawabi mai ratsa zuciya, ba zan ɓoye ba. Ya ce ya tura kwamiti ƙasashen waje sun zagaya sun duba gareji iri-iri, sun kwana a otal saboda kishin matasa. Ya kawo labarin mai takalmi da mai huluna da mai akwati, daidai yadda Mai Faci ya ba ni, har na fara zargin waya ɗaya suke dubawa. Ya ce duk matashin da yake da ƙaramin ɗaki da babban buri, hukuma tana bayansa. Na tafa sosai, don gaskiya ya faɗa. Mu ma ta bayan muka ga an ɓullo mana.

Daga nan aka ce za a nuna mana yadda manyan kamfanoni suka faro. Aka kai mu wani lungu da aka kewaye da jar igiya, an zuba masa fitilu, an jingina tsohuwar taya don ya yi kama da gareji. Mai Girma ya ja labule.

Keken ɗinki ne, tsoho, baƙi. Ƙafarsa ta hagu an tokare ta da guntun katako mai shuɗin fenti, ni na tokare ta da hannuna. Ga tsumman da uwata ta gaskiya ta ɗaura a wuyansa tana soka allurai.

"Kai! Keken Uwata!"

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga kawuna sun juyo. Wata mata kusa da ni ta ce, "Allah sarki, ya tuna da mahaifiyarsa." Kafin in ce wani abu na ji an riƙe mini gwiwar hannu. Yallaɓai Mai Kwaɗo ne, yau cikin kwat, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin nan.

"Dattijo, rufa mini asiri," ya raɗa mini. "An ba da kwangilar sayo tsohon keke daga waje, mai kwangilar ya kashe wayarsa. Dole na duba siton kayan da muka kama."

"To a ba mu abinmu, ranka ya daɗe."

"Yanzu? An riga an ɗauke shi hoto da Mai Girma. Ya zama kayan tarihi."

Na buɗe baki zan sake ɗaga murya, sai mai hoto ya fara kiran a kawo matashi ɗaya ya zauna a kan keken, wai hoton ya yi rai. Yallaɓai ya dubi Uwata, ya dube ni, na ga dabara ta faɗo masa.

"Wannan 'yarka ce? Ta zauna. Kai, ta riƙa zuwa kullum ma, baƙi suna ganin misali. Amma fa kwaikwayo kawai za ta yi, nan ba wurin sana'a ba ne."

Ni da na so in yi gardama. Uwata ta taka mini ƙafa a hankali, ta rusuna.

"Yallaɓai, kwaikwayo ba komai a ƙarƙashin allura ai ba zai yi kyau a hoto ba. In zo da ɗan tamfol da zare?"

"Zo da duk abin da zai sa ya yi kama da gaske."

"Da zif da fata?"

"Har da su. Ke dai kada ki ƙarce tayil."

Ta tsallake igiya ta zauna, ta ɗora ƙafa. Da keken ya ɗauki ƙararsa sai da na juya na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido. Mai Girma ya tsaya a bayanta aka yi ta walƙiya, ya ce wa 'yan jarida ga irin matasan da shirinsu ya fara fitarwa. Ko minti biyar shirin bai yi da buɗewa ba, ku ga saurin aiki.

Yau da safe ta ɗaure yankakken tamfol ɗinta ta fita. Ta ce da hasken nan da sanyin nan, ga ba mai aikenta, za ta gama jakunkunan mai shago da sauran lokaci. Na ji ta a waya tana ce wa ƙawarta a ba wata aikin kantin. Akwati ya koma kan sif, uwar yara kuma ta tambaye ni ko a ƙara mini shayi, da baki, ba da ido ba.

Mai Faci ya ce in ta zama babban kamfani, tarihi zai rubuta cewa a gareji ta faro, ba wanda zai tambayi wanne. Ni ba tarihi ne damuwata ba. Tsorona kada wani mai gulma ya kai rahoto cewa akwai mai yin aikin gaske a cikin ginin nan, a kafa kwamiti. Saboda haka in hanya ta biyo da ku, kuka ga yarinya a bayan jar igiya tana taka keke, don Allah kada ku yaba ɗinkin. Ku ce kai, yarinyar nan ta iya kwaikwayo, ku wuce.