Se Teknik da Injin Wankin Ma'u

Allah ya wadata Zongon Lome da mutane iri-iri, masu goro da masu shanu da masu atamfa, amma injiniya ɗaya tak ya ba ta, wato Malam Haliru. Gaskiya ne babu makarantar da ta taɓa ba shi takardar injiniya, sai dai wannan gazawar makarantun ce. Aikinsa buga hatimi ne a ofishin wani mai fitar da kaya a tashar jirgin ruwa. Da yake injuna iri-iri na wucewa ta gaban teburinsa a cikin akwatuna, ilminsu ya riƙa shigarsa ta hannun da yake buga hatimin. A aljihun gaban rigarsa akwai biro uku da sukudireba mai 'yar fitila a gindi. Ko rediyo ne ya yi shiru, ko fanka ce ta kama ƙara, sai ya ɗaga yatsa ya ce da Faransanci, "Se teknik," wato abin na masana ne. Zongo ta raɗa masa Se Teknik, shi kuma ya karɓi sunan hannu biyu a matsayin digiri.

A shekarun nan jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kuma shi ne sakatarenta a layinsu. Kowa na da alamar jam'iyya ta gwangwani mai allura a baya, amma tasa ta zinariya ce, kuma in ji shi wani babba ne a hedikwata ya maƙala masa ita da hannunsa. Har doka ya kafa a layin, cewa duk wanda ya haɗu da mai sanye da wannan alama shi zai fara gaisuwa, ko da kuwa ya haife shi. Tufafinsa ma ba sa taɓa ruwan Zongo. Wani gidan wanki na manya ake kai su a unguwar Djidjolé, inda rigarsa ke rataye kafaɗa da kafaɗa da ta ministoci.

Ƙanwarsa Ma'u malamar lissafi ce a sakandare. Ita ta sayi injin wanki daga hannun wata Baturiya abokiyar aikinta da za ta koma gida, kuma shi ne na farko a layin. Tun ranar da aka sauke shi Malam Haliru ya naɗa kansa likitansa. Ranar da injin ya ƙi tashi, ya ɗora masa kunne ya ce ya ƙone ƙurmus, sai an aiko da kaya daga Turai. Mounira, 'yar Ma'u, wadda ke shekara ta biyu a jami'a, ta leƙa baya ta tura fulogin da ya ɗan zame daga soket. Ranar da injin ya kama rawa yana tafiya har bakin ƙofar kicin, ya ce wutar da ake kawowa daga Gana ce ta yi wa injin Bature ƙarfi. Mounira ta ninke kwali ta cusa ƙarƙashin ƙafar da ba ta taɓa ƙasa. Kowane karo sai ta miƙe ta goge hannu ta ce, "Kawu, yadda ka faɗa ne." Shi kuwa ya gyaɗa kai, ya ce yarinyar tana koyo.

Ma'u na iya kawo ranar Asabar ɗin nan awa bayan awa, domin ita ce rana ta ƙarshe da gidan ya yi irin ta kullum. Ƙarfe bakwai Mounira ta sayo koko wajen Mma Asibi, tsohuwar da ke sayarwa a bakin layi, ta yi ƙorafin ba a sa citta sosai ba. Ƙarfe tara ta zare fulogin injin, ta durƙusa gabansa da faranti mai faɗi, ta buɗe 'yar ƙofar da ke can ƙasa, ta murɗe marfin mataci a hankali har ruwa ya tsiyaye, ta ciro zare da maɓalli biyu. Ta ce wa uwarta ta zo ta gani ko sau ɗaya ne. Ma'u ta ɗago daga takardun ɗalibai, ta kalla, ta ce ai tunda ke kina nan. Ƙarfe goma sha ɗaya Kawu ya shigo ta ƙofar baya da jaka a hammata, ya ce takardun ofis ne. Ƙarfe goma sha biyu injin na juya takardun ofis, masu wuya da hannuwa da aljihu, da sabulu. Da azahar an shanya su a igiyar bayan kicin, wadda ba a hangowa daga titi. Da la'asar Mounira ta yi guga tana waƙa, ta ce kanta na ɗan sara mata.

Ran Lahadi zazzaɓi ya kwantar da ita. Ran Laraba aka kai ta makwancinta.

Malam Haliru ya yi kuka na gaske a maƙabarta, kuma Ma'u ba ta manta masa wannan ba. Sai dai babban mutum ba ya rasa babbar musiba tasa ta kansa. A kwana na uku na zaman makoki ya sanar cewa maƙiyan ƙasa sun zare masa alamar zinariya daga ƙirji a cikin cunkoson kasuwa. Duk ayarin da ya zo ta'aziyya, da an shafa fatiha sai ya ba shi labarin, har da kwatancen mutum biyu da yake zargi, ɗaya dogo ɗaya mai tabarau. Injin kuwa aka lulluɓe shi da zane, babu wanda ya ƙara taɓa shi.

Ana gobe sadakar arba'in Ma'u ta fito da kayan Mounira. Al'adar gidansu ce a wanke tufafin mamaci a goge, a rabar ranar sadaka, kada ko ɗankwali ya rage. Ta ɗauko baho biyu, Mma Asibi ta zo taya ta. Da hannu take so ta wanke su, domin ta san daga gobe ba za ta ƙara taɓa su ba. Tsakar gida cike da mata, wasu na tsince shinkafa, wasu na jiƙa ta tuyar masa.

Sai ga Se Teknik. Ya tsaya a kan bahon kamar wanda ya tarar da ɓarna a ofis.

"Ma'u, ke da kika yi jami'a? Ƙasa na tafiya gaba, ke kina komawa baho? Yarinyar nan ɗalibata ce a fannin injin nan. Girmamawar da za a yi mata ita ce a wanke kayanta ta hanyar kimiyya, kuma ni da kaina zan jagoranci aikin."

Ma'u ba ta da ƙarfin jayayya da yayanta a gaban mutane. Ya yaye zanen, ya tura kayan duka a lodi ɗaya, har da sabuwar atamfa shuɗiya da ba ta taɓa ganin ruwa ba, da farar doguwar rigar da Mounira ta sa a Sallar da ta wuce. Ya murɗa kowane maɓalli zuwa ƙarshensa, domin a ganinsa mamaci ya cancanci lamba mafi girma.

Injin ya ɗebi ruwa, ya juya, ya yi kumfa. Mata suka bar shinkafa suna kallo. Da lokacin zubar da ruwa ya yi, sai ya yi wani gurnani, ya ƙara, ya yi tsit. Ruwa ya tsaya har rabin gilashin ƙofa. Malam Haliru ya ja ƙofar, ta ƙi. Ya ja da hannu biyu, ta ƙi. Ta cikin gilashin Ma'u na ganin hannun farar rigar a manne, ruwan da ke kewaye da shi yana rinewa.

Nan fa ilmi ya tashi. Ya zaro sukudireba ya dangwala a jikin injin, fitilar ba ta kama ba, ya ce dama abin da yake tsoro ke nan. Ya sa aka kawo littafin injin, ya buɗe shafukan da ke da Jamusanci, ya bi su da yatsa yana motsa leɓe. Ya kwance murfin baya, ya jera kusoshi goma sha huɗu a kan tabarma, ya taɓa bel ɗin da ke juya gangar da kaya ke ciki, ya ce ga inda cutar take, sannan ya ce a'a, nan alamarta kawai take. Aka yi azahar, aka dawo. Ruwan cikin gilashi ya zama kamar na marina.

Da ya ga idanu sun yi masa yawa, sai ya juya ga matan ya gyara murya.

"Ku saurara, don gobe. Injin Bature ba ya lalacewa da kansa. Sakaci ne, kuma sakacin mata. Ba a duba aljihu, ba a cire tsinke, ba a cire 'yan kunne. Ni a Djidjolé, kafin a karɓi rigata sai ma'aikata uku sun bincike ta. Duk abin da ya toshe injin nan, mai shi ya cancanci a kira taron layi a kansa, kuma ni zan shugabanci taron."

Daga nan ya ce a miƙo masa taɓarya. Gilashin zai fasa, a cewarsa haka ake yi a manyan masana'antu.

Ma'u ta dubi taɓaryar, ta dubi tufafin da fasassun kwalba za su shiga.

"Yaya, ajiye."

Ba ta ɗaga murya ba, amma ya ajiye. Ta zare fulogin daga soket. Ta ce wa Mma Asibi ta miƙo mata farantin nan mai faɗi. Ta durƙusa daidai inda Mounira ke durƙusawa, ta lalubi 'yar ƙofar da ke ƙasa, ta buɗe. Marfin ya yi tauri, ta naɗe shi da gefen zaninta ta murɗa kaɗan. Shuɗin ruwa ya fara tsiyaya. In faranti ya cika sai ta ɗaure marfin, a zubar, ta sake sassautawa. Sau tara aka yi haka, Malam Haliru na tsaye a kanta yana gaya wa mata cewa wannan shi ne mataki na biyu a tsarin da ya shirya.

Da ruwan ya ƙare ta zaro matacin gaba ɗaya, ta zura yatsu biyu cikin ramin. Akwai wani abu da ya maƙale a 'yar farfelar da ke tura ruwa waje. Ta jijjiga shi, ya fito, ya faɗa faranti da ƙara. Ɗan ƙarfe ne zagayayye mai allura a baya. Ruwan zinariyar da aka shafa masa ya ɗaɗɗaye, gwangwani ya bayyana fari tas.

Mma Asibi ta ɗauka, ta kai kusa da ido, ta juya shi.

"Haliru, ɗana, wannan ba ita ce wadda maƙiyan ƙasa suka sace ba?"

"Tawa ta zinariya ce, Mma. Wannan gwangwani ne. Ban san ta ba."

"To, Allah mai iko. Ni dai na ɗauka bututun injin nan a kwata yake zubarwa, ashe har Djidjolé ya kai."

Malam Haliru ya buɗe baki. Yatsan ya ɗan ɗaga, ya koma. A hankali, kamar mai yi wa kansa ta'aziyya, ya ce, "Se teknik."

Dariya ta kuɓuce wa Ma'u, ta farko cikin kwana talatin da tara, kuma da ta ji ta a kunnenta sai ta ji irin ta Mounira ce. Ta sunkuyar da kai ta mayar da matacin, ta ɗaure. Babbar ƙofar injin ta yi ƙas ta buɗe. Ta kwashe kayan zuwa baho, ita da Mma Asibi suka ɗauraye su da hannu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta so tun da safe. Kusoshi goma sha huɗu kuwa, goma sha ɗaya ne suka koma mazauninsu. Injiniya ya ce sauran ukun dama ƙari ne.

Washegari aka yi sadaka, aka raba kaya. Atamfofi suka tafi wajen 'yan mata uku marayu na bayan masallaci. Takalma da jaka aka ba Kadidja, ƙawar Mounira. Littattafai Ma'u ta kai makarantar da take koyarwa. Farar rigar ba ta koma fara ba, ta tsaya da shuɗi-shuɗi a hannu da ƙirji, kuma mata suka yi ittifaƙi cewa ba a ba da abu mai tabo sadaka. Ma'u ba ta yi musu ba. Ta ninke ta, ta sa a ƙasan akwatinta, kuma a ranta wannan kaɗai ya isa ta yafe wa yayanta.

Saura alamar. Tunda a cikin wankin mamaciya aka same ta, kuma an tambaya a gaban shaidu babu mai ita, sai aka haɗa ta da kayan sadaka aka ba Mma Asibi. Da ita take maƙale mayafinta kada ya faɗa cikin koko. Taron layi dai ba a kira ba har yau, amma dokar gaisuwa na nan daram, domin wanda ya kafa ta bai sami hanyar soke ta ba. Kowace safiya, ƙarfe bakwai, Mma Asibi na zaune a bakin layi da alama a ƙirji, tana jiran sakataren jam'iyya ya fara gaishe ta.