Nomau da Firintar Asibiti

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wani bawan Allah, Nomau, yana zaune da mahaifiyarsa Inna Laraba da akuya guda. Shi ke share asibitin garin. Ba ruwansa da mugunta, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Inna ta daɗe tana ramewa. An ɗebi jininta an kai birni, kuma Malam Sallau, malamin asibiti, ya ce ba zai ba ta magani da ka ba, sai sakamako ya zo.

Wata rana aka kawo firinta, na'urar buga takarda, aka ja mata waya, aka haɗa ta da babbar kwamfutar asibitin birni. Matar da ta haɗa ta ta ce wa Nomau, "Daga yau ta nan sakamako zai riƙa fitowa. Ka riƙa share ta kamar yadda kake share ɗakin nan." Da safe sai ga Nomau da tsintsiya da ruwan yayyafi. Da ƙyar Malam Sallau ya riƙe hannunsa.

Wata rana Malam Sallau ya ce, "Kada ka bar komai ya hau wayar nan." Sai kurciya ta sauka a kai. Nomau ya kore ta, ta matsa gaba, ya bi ta. Haka suka yi ta tafiya, turke bayan turke, yana kallon sama, a ransa yana ganin takardar Inna tafe cikin waya a nannaɗe, tana hutawa in ta gaji. Da la'asar aka same shi a bakin rafi yana ba tsuntsaye haƙuri.

Mako biyu firinta shiru, Inna ko kunu ba ta iya shanyewa.

Wata rana firintar ta yi gurnani ta fito da takarda. Malam Sallau yana tsakiyar yi wa mutane allura, ko dubawa bai yi ba ya ce, "Kai wa mai ita, hannu da hannu." Nomau bai iya karatu ba, sai wani mai shayi ya karanta masa sunan: wata Hajara ce a Gidan Goje, tafiyar yini guda. Mai hankali da ya koma ya tambaya. Nomau ya saɓa sanda ya kama hanya.

Malamar asibitin Gidan Goje ta duba ta ce, "Ai wannan muke ta jira." Ta jawo wasu takardu da suka fito mata da sunayen da ba ta sani ba. Ashe ranar haɗawa an musanya lambobin firintocin biyu, kwamfuta tana aika na nan can, na can nan.

"Malama, akwai Laraba a ciki?"

"Akwai. An rubuta a fara mata magani da gaggawa."

Ya nemo Hajara ya miƙa mata tata, ya cusa ta Inna cikin hula, ya juya.

Washegari da hantsi Malam Sallau ya tare shi a ƙofar gida, ya ce, "Ba ni in gani."

"Sai mai ita ta taɓa, Malam."

Ya durƙusa gaban tabarma, ƙafafunsa duk sun kumbura, ya buɗe tafin Inna ya sa mata. Mu mutanen gari da muka zo yi masa dariya kunya ta kama mu, muka tsaya a zaure.