Farar Shinkafa a Jirgin Ƙarƙashin Teku

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama tafintan surukina a Manchester ba. Baba ya zo mana daga Kano ganin jikoki. Tsohon makanike ne, ba ya jin Turanci, kuma tun farko bai cika gamsuwa da ni ba, don 'yarsa ta yi jami'a, ni kuwa daga sakandare sai tuƙin bas a unguwarmu ta Sparkbrook da ke Birmingham. Na ƙudurta sai na nuna masa shekaruna a Ingila ba a banza suka tafi ba.

Da na ji ana baje kolin tsofaffin injuna a Manchester, sai na ɗauke shi muka hau jirgin ƙasa. A can ya tsaya cak gaban wani ɗan samfurin jirgi mai kama da ƙaton kifi. Wani dattijon Bature mai yi wa baƙi bayani ya ce irin jiragen ƙarƙashin teku na farko ne da sojojin ruwan ƙasar suka mallaka, shekaru fiye da ɗari da suka wuce. Guda biyar aka ƙera, kowanne mutum takwas yake ɗauka. A saman ruwa injin fetur ke jan sa, in ya nutse sai batir. Babu wanda ya taɓa shiga yaƙi a cikinsu, na farkon ma a hanyar kai shi a farfasa ya nutse, sai daga baya aka tsamo shi. Duk wannan na fassara daidai (har ina gyara tsayuwa).

Baba ya daɗe yana leƙen cikin samfurin. Ya ce in tambaya, fetur a rufaffen wuri haka, ta yaya suke sanin hayaƙi ya fara yi musu illa?

Baturen ya ji daɗin tambayar, ya amsa da sauri cikin harshen mutanen Manchester mai haɗiye rabin magana. Abin da kunnena ya kama shi ne suna tafiya da "white rice" a cikin keji. Na ji wani iri, amma in ce ya maimaita a gaban Baba? Sai na ce farar shinkafa suke ratayewa a keji.

"Shinkafa kuma? A keji ba za ta zube ba?"

Nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ƙera masa kimiyya tawa ta kaina: wai a ƙyalle ake ƙulle ta, in hayaƙi ya yi yawa sai ta koma ruwan ɗorawa (Allah Ya yafe mini, har da nuni da hannu). Baba ya gyaɗa kai, abin ya burge shi ƙwarai, har ya ce zai gwada a garejin ƙaninsa. Sannan ya ce, "Malam, tambaye shi, dafaffiya ce ko ɗanya?"

Na juya na tambaya da ƙarfi, mutane suna ji.

Baturen ya zuba mini ido. Ya ce a iya saninsa babu wanda ya taɓa dafa su. Ya ja mu gaban wani hoto a bango: sojan ruwa riƙe da keji, a ciki ga fararen ɓeraye. "Mice" ya ce, ba "rice" ba. In ɓerayen suka fara layi suna faɗuwa, sai a yi maza a fito sama.

Baba bai buƙaci tafinta ba. Ya kalli hoton, ya kalle ni, sannan a hankali ya ce, "To su ma ruwan ɗorawa suke komawa?"

Har muka iso Birmingham bai ƙara tayar da zancen shinkafar ba, sai mamakin dabarar ɓerayen yake ta yi, ni kuwa ina kallon taga. Abin da na koya ke nan: "ban ji ba, maimaita" kalma huɗu ce kacal. Ni na guje mata, na ɓuge da tambayar Bature yadda ake dafa ɓera.