Jatau Da Rumbuna Biyu

Ga ta nan, ku gyara zama, ta Jatau ce mai ɗakin kati.

A ƙauyen Tudun Maƙera akwai wani bawan Allah da ake kira Jatau. Ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Yana sallah a kan lokaci, yana karatu, rubutunsa ma ya fi na hedimasta kyau. Matsalarsa guda ce tak: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Matarsa Tsahare mai tuyar awara ta taɓa ce masa, "Je ka nemo kananzir, kada ka dawo sai da shi." Ashe ranar kananzir ya yanke a garin. Sai bayan kwana uku aka ga Jatau ya shigo da galan a ka, ƙafa duk ta kumbura, daga wani gari da Tsahare ko sunansa ba ta taɓa ji ba. Tun daga ranar take auna magana kafin ta faɗa masa.

Aikinsa shi ne kula da kati a ƙaramin asibitin dabbobi na garin. Kowace saniya, kowace akuya, kowace tunkiya tana da katinta: sunan mai ita, allurar da aka yi mata, ciwon da ta taɓa yi. Wannan ɗaki shi ke ciyar da 'ya'yansa huɗu, kuma a nan kaɗai ake ce masa Malam Jatau. A ko'ina cikin gari Jatau ne kawai, wani lokacin ma har da dariya.

Wata rana Malam Barau, likitan dabbobin, ya ɗauke shi a bayan babur suka tafi sakatariyar ƙaramar hukuma. Wata ƙungiya mai taimaka wa makiyaya ce za ta mai da katunan cikin kwamfuta, ta turo injiniyarta, Malama Uwani, ta yi bayani. Ta ce rumbun bayanai iri biyu ne, ɗaya za a zaɓa. Na farko yana raba bayanan a kwamfutoci da yawa a garuruwa daban-daban, kowane kati a wuri uku, in ɗaya ta lalace sauran suna nan. Ka nemi katin akuya guda, kafin ka ƙifta ido ya fito. Na biyu yana tattara komai wuri ɗaya a manyan kwamfutocin kamfani can nesa, ta intanet, shi kuma gwanin manyan tambayoyi ne: wane ciwo ya fi yawa, a wane wata, a wace ruga. Sunayensu na Turanci sun fi ƙarfin bakin Jatau, sai ya sa musu Mai Rassa da Babban Rumbu.

"Wanda ke riƙe da kati kullum shi ya kamata ya gwada," in ji Malama Uwani. "Nan da Juma'a ta sama nake son amsa."

A hanya Malam Barau ya juyo ya ce, "Jatau, ka buɗe kunnenka. In ka kasa gane abin nan, wani za su turo daga birni, kai kuma ka koma gida." Gaban Jatau ya faɗi. Kafin su iso gari kansa ya kulle tamau.

Wata rana, wato washegari ke nan, Malam Barau zai fita allura rugage, ya ce, "Kafin na'urorin su iso, ka gwada tsarin Mai Rassa da takarda, yadda matar nan ta faɗa, ko kanka ya waye." Jatau ya tuna ta ce a cikin Mai Rassa ba dole sai an bi layi ɗaya ba, duk abin da aka sani game da dabba ana iya rubuta shi. Shi ke nan! Mutum na farko da ya kawo saniya, Jatau ya gyara alƙalami. Ya rubuta launinta, ya rubuta cewa tana harara, ya rubuta cewa ba ta son jan kaya, ya tambayi sunan uwarta da inda kakarta ta mutu. Ya cika shafi huɗu. Kafin azahar layi ya kai bakin kasuwa, tumaki na kuka, mutane na tsaki, dabba biyu kacal aka rubuta.

"Malam Jatau, don Allah allura muka zo!"

"Ku yi haƙuri, ban gama sanin saniyar nan ba."

Wata rana ya tuna maganar wuri uku. Ya zauna ya kwafe kowane kati sau uku, har yatsunsa suka sage. Ya bar kashi ɗaya a asibiti, ya kai ɗaya shagon wanzami, ɗaya kuma ya kai wa Tsahare, ta tura ƙarƙashin gado tana mita. Ana nan sai akuyar wani dattijo, Baba Nomau, ta ci leda ta mutu. Dattijon ya zo ya faɗa, Jatau ya rubuta a katin asibiti, ya manta da sauran biyun. Bayan kwana biyu Baba Nomau ya dawo neman shaidar mutuwar, domin akuyar kiwo aka ba shi, mai ita kuma yana zargin sayar da ita ya yi. Jatau ya ce a dakata. Ya ruga shagon wanzami, ya ruga gida, ya dawo yana haki da kati uku a hannu. Ya tuna Malama Uwani ta ce in kwafi suka saɓa, maganar masu rinjaye ake ɗauka.

"Baba, albishirinka. Akuyarka tana da rai."

"Wace akuya?"

"Taka. Kati ɗaya ya ce ta mutu, biyu sun ce lafiyarta ƙalau. Biyu sun fi ɗaya."

"Kai Jatau, da hannuna na ja ta zuwa bayan gari!"

Jatau ya yi lissafi da yatsu. "To kun zama biyu da biyu ke nan, kai da katin asibiti. Sai mu nemo na biyar ya raba gardama."

Dattijo ya ɗaga sanda, mutane suka rirriƙe shi. Da Malam Barau ya dawo sai da ya ba da haƙuri har bakinsa ya gaji, sannan ya rubuta shaidar da hannunsa. Jatau kuwa ya koma gida yana tambayar Tsahare inda ya yi kuskure, domin shi dai ya bi ƙa'ida. Ta dube shi, ta dubi tukunya, ta ce, "Ci abinci kawai, maigida."

Wata rana Malam Barau ya ce, "Bar Mai Rassan nan kafin a kashe ka. Gwada Babban Rumbu." Jatau ya tattaro katunan kaf, ya juye su a buhu guda, ya yini yana ƙirga. Ya gano cewa a cikin awaki goma, shida an yi musu allura. Ya gano cewa gudawa ta fi kama tumaki a farkon damina. Wallahi har ya ji daɗi, ya ce yau kam ya gane wani abu. Sai ga Iya Kande, tsohuwar da ke bayan masallaci, ta shigo tana jan akuyarta.

"Ɗan nan, duba mini, an yi wa 'yar nan allurar bana ko ba a yi ba?"

Jatau ya gyara murya. "Iya, a garin nan shida cikin goma an yi musu."

"Ni tawa nake tambaya."

"Taki ma tana cikin goman. An yi mata fiye da rabi."

"Fiye da rabin me?"

"Na allura. Saura kaɗan ta cika."

Iya Kande ta riƙe baki tana salati. Ta ce a fito mata da katinta ta gani da idonta. Jatau ya leƙa buhu, kati sama da dubu a cakuɗe, ya ce Babban Rumbu ba ya son ƙananan tambayoyi, amma in tana son sanin watan gudawa, a shirye yake. Ta ja akuyarta ta fita, tun daga ƙofa take faɗa wa duk wanda ta gamu da shi cewa asibiti ya lalace.

Yanzu fa Jatau ya rasa inda zai sa kansa. Mai Rassa ya raya matacciya, Babban Rumbu ya yi wa mai rai rabin allura. Ya daina cin abincin kirki. Tsahare ta ga mijinta yana rama, tausayinsa ya kama ta, domin ta san ba wauta ce kaɗai ke damunsa ba, tunanin ranar da za a karɓe masa makullin ɗakin nan ne.

Wata rana, Laraba, aka aiko da kwamfutocin hannu guda biyu daga sakatariya, ɗaya da Mai Rassa, ɗaya da Babban Rumbu, an riga an zuba musu wasu katunan. Aka haɗo da takarda mai akwati biyu, a sa alama a ɗaya. Malam Barau ya gaji, ya nuna wa Jatau inda ake dannawa, ya ce, "Na sauƙaƙa maka. Ka zauna a ɗakin nan, ka tambayi kowanne ko an yi wa saniyar mai gari allura. Wanda ya amsa maka da kyau, shi za ka sa wa alama. Kada ka tashi sai ɗaya ya amsa, in ba sallah ba. Mu haɗu a sakatariya Juma'a da safe." Ya hau babur ya tafi.

Jatau ya danna na farko. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya danna na biyu. Shi ma zobe yana juyawa. Ya naɗe hannu ya jira. Azahar ta yi, la'asar ta yi, zobba na ta juyi. Wanzami ya leƙo ya kwashe da dariya.

"Jatau, ai babu sabis a nan! Kowa ya san sai an hau dutsen bayan kasuwa. Ɗauki abinka mu je, yanzu za su amsa."

"An ce a ɗakin nan."

"Tafiyar minti goma ce fa!"

"A ɗakin nan aka ce."

A nan ya kwana. Ranar Alhamis caji ya ƙare, fuskokin kwamfutocin biyu suka yi baƙi ƙirin, asibitin kuma ko wayar lantarki ba a taɓa ja masa ba. Wani ya ce a kai wa mai cajin waya a kasuwa, Jatau ya girgiza kai. Ya ci gaba da danna baƙin gilashi, yana tambaya cikin ladabi. Tsahare ta kawo masa abinci, ta roƙe shi har da hawaye. "Don girman Allah ka sa alama ko a wanne ne, wa zai sani? 'Ya'yanmu fa!" Idonsa shi ma ya kawo ruwa, ya ce, "Tsahare, babu wanda ya amsa. Yaya zan rubuta ya amsa?"

Juma'a da safe aka yi ta jiransa a sakatariya, shiru. Can wajen hantsi sai ga motar ƙungiya a ƙofar asibiti. Malam Barau ya diro kamar zai tashi sama don fushi.

"Jatau! Ka kunyata ni a gaban baƙi! Ajiye makulli, ka tattara naka ya naka!"

Jatau ya ciro makulli daga aljihu, ya ajiye a kan tebur. Amma bai tashi ba.

Malama Uwani ta shigo, ta ga baƙaƙen fuskoki biyu, ta ga takarda babu alama. Ta ce, "Malam Jatau, tun yaushe kake nan?"

"Tun Laraba, ranki ya daɗe."

"Ba wanda ya amsa?"

"Zobe dai suka yi ta nuna mini, daga baya suka yi shiru."

Ta ciro wayarta, ta ɗaga ta sama. Ta je bakin taga, ta fita tsakar asibitin, ta dawo. Ta dubi bango tana neman inda ake jona wuta, ba ta gani ba. Ta juya wajen Malam Barau. "Taswirar da aka ba mu ta nuna akwai sabis a garin nan. Kai a ina kake kirana?"

Malam Barau ya sosa ƙeya. "A kan dutse."

"Kullum?"

"To... mun saba ne, har mun manta abin faɗa ne."

Ta zauna a kan benci ta dafe kai. Ta ce dukansu biyun, ba sabis ba wuta, ba abin da za su tsinana. Da mai wayo aka ba gwajin nan, da ya hau dutse ya samo amsa, ya sa alama, a kwashe katunan a rufe ɗakin, a wayi gari makiyayi ya zo da saniyarsa ba kati ba kwamfuta. Ta ce bana ba za a ɗauki ko ɗaya ba. Sola za a fara kawowa, da abin jawo sabis, katuna kuma su zauna inda suke, a hannun mai su. In lokaci ya yi, ita da kanta za ta koya masa. Ta tura makullin gabansa.

Tsahare da ke laɓe a bakin ƙofa ta saki guɗa. Jatau ya dubi wannan, ya dubi wancan, bai gane komai ba.

"Malam, in tashi?"

"Tashi, Jatau. Na janye maganata."

Ya miƙe da ƙyar, ƙafafunsa sun yi tsami. Ya ɗauki takardar yana juya ta. "To wanne muka zaɓa? An ce dole a sa alama."

Malam Barau ya kasa haɗa ido da shi. A hankali ya ce, "Kai muka zaɓa."

Jatau ya duba takardar sama da ƙasa, bai ga sunansa ba. Sai ya koma ya zauna, ya ɗauko rula, ya zana akwati na uku a ƙarƙashin biyun, daidai girmansu. Ya rubuta Malam Jatau a gefensa da kyakkyawan rubutun nan nasa, ya sa alama, ya miƙa wa Malama Uwani da hannu biyu. Ta karɓa da hannu biyu, ba wanda ya yi dariya.

Ƙurunƙus, nan tawa ta tsaya.