Yadda Za Ki Sa Tayar Motar Mijinki Ta Kama Ƙasa

Ke 'yar'uwa, matso kusa. Idan Allah ya jarrabe ki da miji mai motar tsere, irin wadda aka ƙara wa ƙarfi har tayoyinta suka daina jin maganar kwalta, kin zo inda ya dace. Ni ce Hanifa, 'yar Maraɗi, mai sayar da turaren wuta a unguwar Hayyin Ashir, nan Alƙahira. Ban taɓa riƙe sitiyari ba, ban san giyar gaba daga ta baya ba, saboda haka babu wani ilimi da ya gurɓata mini tunani. Tabbaci nake ba ki: ki bi matakan nan, tayar mijinki za ta manne da ƙasa kamar ƙanzo a gindin tukunya.

An gwada maganin a kan ƙanena Illiyasu. Sana'arsa tarbar marasa lafiya masu zuwa daga ƙasarmu a filin jirgi, ya kai su asibiti, ya yi musu tafinta. Yaro ne mai hankali har zuwa ranar da ya sayi wata jar mota mai ƙofa biyu, mai jan ciki a ƙasa kamar ƙadangare. Ya kai ta garejin Usta Husam a unguwar Faisal, aka cusa mata wani abu mai huci wai shi turbo, ta fito da ƙarfin doki ɗari biyar. Matarsa Mahasin Bahaushiyar Sudan ce, kuma a lokacin cikinta na fari ya fito sosai.

Mataki na 1: Ki gane ciwon

Doki ɗari biyar, kofato huɗu. Ciwon ke nan. Direba ya taka totur, inji ya yi ruri, tayoyin baya su yi ta juyawa wuri guda suna ihu, mota ta shiga karkaɗa ƙugu kamar mai rawar biki. Mijinki zai ce miki wannan alamar lafiya ce.

Wata rana Illiyasu ya shiga shataletale, ya ɗan taka, motar ta juya da shi ta kalli inda ta fito, ta je ta sumbaci amalanken mai sayar da ful, dafaffen waken nan da Misirawa ke karyawa da shi. Ya dawo gida da wake a gilashi yana dariya. Abokinsa Bukari, wanda tasa ta yi irin wannan juyin a hanyar Suez, bai yi dariya ba. Ƙarfe aka sa masa a cinya, har yau da sanda yake hawa bene. Mahasin ta je dubiya, ta tarar matar Bukari na ba shi shayi a cokali. Ranar ba ta iya cin abinci ba.

Ana cikin haka Illiyasu ya sanar da mu cewa ya ɗauki alkawarin tsere da wani Ayman, ɗan masu hali na Zamalek, Juma'ar ƙarshen wata da sassafe, lokacin da titunan Alƙahira ke barci.

Mataki na 2: Kada ki hana shi

Mahasin ta gwada hanawa, don haka ba sai kin wahalar da kanki ba.

"Ya zol, bawan Allah, ka dubi cikin nan," ta ce masa. "So kake a raɗa suna kana kwance da ƙarfe a ƙafa?"

"Ma'alish, yi haƙuri, ba ki gane ba ne," in ji Illiyasu. "Laifin taya ne, ba nawa ba. Ranar da ta kama ƙasa, khalas, shi ke nan, babu sauran haɗari."

Ta yi kuka. Ya ciro hankici ya share mata hawaye, sannan ya sauka ƙasa ya goge madubin motar da shi.

Masana sun tabbatar cewa a cikin kunnen namiji akwai wata 'yar ƙofa da ke rufewa da zarar an ce "kada". Ba ta buɗuwa sai da "koya mini". Na sanar da Mahasin wannan sirri. Washegari ta ajiye masa tuwo, ta zauna, ta sassauta murya: "Maigida, wai me ke sa taya ta kama ƙasa?" Ya yi ta bayani har miyar ta daskare. Duk abin da zai biyo baya daga bakinsa muka samo.

Mataki na 3: Ki rage iska

Illiyasu ya ce idan aka rage wa taya iska kaɗan, sai ta baje a kan kwalta ta riƙe da kyau. Kalmar "kaɗan" ba ta da sikeli, kowa da tasa. Da ya tafi sallar La'asar muka sauka. Ni na tsare mai gadin gidan da hirar tsadar tumatir, Mahasin ta durƙusa da cikinta da tsinken ashana, ta bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya har motar ta zauna daɓas kamar kaza a kan ƙwai.

Ya dawo ya gani, ya ce baki ne, mutanen unguwa sun sa wa motarsa ido. Ya yi wa kowace taya tofi, ya kira mai faci. Da ana hurawa sai ya tuna karatunsa, ya ce a bar su da ɗan laushi. Ya fita gwaji, ya dawo bakinsa har kunne.

"Wanda ya yi mini wannan mugunta, Allah ya saka masa da alheri. Gyara ya yi mini!"

"Amin," in ji Mahasin, haƙoranta a cije.

Mataki na 4: Ki ƙara nauyi a baya

Tunaninmu mai sauƙi ne: doki, ko ɗari biyar ne, idan aka labta masa kaya zai gaji. Muka cika but ɗin motar da buhun shinkafa, buhun albasa, kan keken ɗinkina da tukunyar gas. Mahasin ta ce masa ɗakin girki ne ya yi ƙunci.

Abin da muka manta shi ne, a cikin doguwar laccar nan ya faɗa mana cewa nauyi a kan tayoyin baya shi ke danna su ƙasa. Lokacin ni gyangyaɗi nake yi. Ya fita, motar ta tashi kamar an harba kibiya, ko karkacewa ba ta yi ba. Ya hawo bene da gudu, ya sumbaci goshin matarsa a gabana, ko kunya babu.

"Yaya, kin ga matar da na aura? Injiniya ce!"

Tukunyar gas kaɗai ya sauke, wai shi ba mahaukaci ba ne.

Darasi a nan: duk dabarar da za ki yi wa miji, ki tabbatar ba ta da amfani. Dabara mai amfani ita ke kashe gida.

Mataki na 5: Faffaɗar taya, kuma a ɗumama ta

Wannan ba sai kin sa hannu ba, da kansa zai yi. Usta Husam ya ɗaura wa motar wasu tayoyi masu faɗin faranti, masu laushi kamar cingam. Illiyasu ya ce ba sa riƙo sai sun ɗauki zafi. A cikin lungunmu ya danne birki, ya taka totur, tayoyin suka yi ta ƙonewa wuri guda. Hayaƙin ya miƙe sama ya shige cikin shanyar Madam Dalia, maƙwabciyarmu ta hawa na uku, wadda ta kwana biyu tana neman dalili.

Ta leƙo daga baranda ta juye masa bokitin ruwan goge ɗaki, tagar motar kuwa a buɗe. Ta tsine masa, ta tsine wa motar, ta tsine wa wanda ya ƙera ta da jirgin da ya kawo ta Masar. Matakin nan bai rage gudun motar da komai ba. Na sa shi ne saboda mun ji daɗi.

Mataki na 6: Ki shiga

Juma'ar ta zo, dabarunmu sun ƙare, motar ta fi kowane lokaci lafiya, kuma da taimakonmu. Mahasin ta ƙwanƙwasa mini ƙofa yana masallaci sallar Asuba, makullin motar a hannunta.

"Yaya Hanifa, sa mayafinki."

Da ya dawo, gari ya fara haske, ya tarar da matarsa a kujerar gaba ta ɗaura bel a ƙarƙashin cikinta. Ni kuma ina baya, a wani gurbi da aka yi don jakar hannu, gwiwoyina a haɓata.

"Mene ne haka?"

"Nauyi," in ji Mahasin. "Kai ka ce nauyi ke sa ta kama ƙasa. Yaya ta fi shinkafa."

Ban ji daɗin maganar ba, amma ba ƙarya ta yi ba.

"Ku fito, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Ka ce in taya ta kama ƙasa babu sauran haɗari. Ta kama. In babu haɗari, me zai same mu? In kuwa akwai, ka faɗa mini yanzu da bakinka."

Ya waiga. Mai gadi na tsaye yana kallo da kofin shayinsa, kuma ɗan Maraɗi ba ya jawo yayarsa daga mota a gaban baƙo. Ya shiga ya buga ƙofa. "Yalla, mu tafi. Ku kuka so."

A hanyar Suez muka tarar da Ayman jingine da wata rawayar mota, abokansa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ya leƙo ta taga, ya ga ciki, ya gan ni a dunƙule, ya shaƙi albasa.

"Ya Ilyas, tsere ka zo ko ɗakin haihuwa kake nema?"

Suka fashe da dariya. Daga inda nake ina ganin jijiyar wuyan ƙanena ta miƙe. Na san wannan jijiyar tun yana rarrafe, ba ta taɓa kawo alheri ba. Ya ja motar ya daidaita da ta Ayman. Ya taka totur a tsaye, injin ya yi wani ruri da na ji shi har cikin haƙorana. Nan na fara kalmar shahada da ƙarfi, kuma ba don ban dariya ba.

Mahasin ba ta roƙe shi ba. Ta riƙe hannun ƙofa, ɗaya hannun a kan cikinta, idonta a kan titi. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Yana motsi. Ƙarar ce ta tashe shi."

Wani ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hannu, ya sauke. Rawayar motar ta ɓace, ta bar mana hayaƙi.

Mataki na 7: Ƙafar direba

Illiyasu ya saki birki. Jar motar ta fara tafiya a hankali, kamar tsohuwa ta fito daga wanka. Tayoyin ko tari ba su yi ba. Wata mikrobas, ƙaramar bas ta haya, ta wuce mu. Motar kankana ta wuce mu, direbanta na tambaya da hannu ko lalacewa muka yi. A bayanmu muna jin ihun abokan Ayman.

Haka ya yi ta tafiya har ya sami wurin juyawa, ya gangara gefe ya kashe injin. Ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa na girgiza. Har yau ban sani ba ko kuka ne ko dariya, shi ma da na tambaye shi bai sani ba.

"Ƙafata ce," ya ce. "Na ce ta taka, ta ƙi."

Mahasin ta saki hannun ƙofar, ta sauke wani dogon numfashi. "Tamam, ya yi. Ka bar ta haka."

"Ni dai a fitar da ni," na ce. "Ƙafafuna sun mutu tun Hayyin Ashir."

Su biyu suka jawo ni, ɗaya a hannu ɗaya a mayafi.

Kafin sallar Juma'a bidiyon ya zaga wayoyin duk Hausawan Alƙahira, har Maraɗi ya kai. Aka sa wa Illiyasu suna Motar Asibiti. Ya yi fushi da mu, ya daina cin tuwon gidan, ya koma ci da yunwa ta yi masa nasiha. Daga baya da ƙafarsa ya je Faisal ya ce a rage dawakan. Usta Husam ya dafe ƙirji kamar an ce ya yanka ɗansa, ya yi ta roƙo a bar ko rabi.

Mace aka haifa, sunanta Afra. Ubanta ne ya ɗauko ta daga asibiti a jar motar, kuma mai keke ɗauke da faifan burodi a ka ya riga su isowa gida.

Gargaɗi

Marubuciyar wannan jagora ba makanike ba ce, ba likita ba ce, ba alƙaliyar aure ba ce. Idan kika bi matakan nan taya ta fashe, ko maƙwabta suka kai ƙara, ko aka miƙa miki takardarki, ban san ki ba, ban taɓa ganinki ba, turare kawai nake sayarwa. Mataki na shida kuwa ban ce kowa ta gwada ba, don ba kowane miji ne ƙafarsa ta fi shi hankali ba, kuma mu kanmu ba mu tanadi abin yi ba da a ce ya taka. Idan duk da haka kin nace, ki nemi wata ta zauna miki a baya. Ni ƙuguna bai koma daidai ba.