Sabon Tiyo a Ƙarƙashin Kujera

Ko na manta komai na samartakata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na wanke Hajja Yagana da man sitiyari ba.

A zamanin Shagari ne, ina sana'ar fatu a Nguru. Wani Bature da ya zo kallon tsuntsaye a Dagona ya sayar mini da tsohuwar motarsa, irin mai gado da murhu da kabad a ciki. Mutane suka sa mata suna Gida Mai Tafiya, ni kuwa kaina ya kumbura. Ko sayen goro zan je sai da ita.

Matsalarta ɗaya, tiyo biyu masu kai wa sitiyari mai sun tsufa, sun tsattsage, suna yoyon wani jan mai. Na sa aka sayo mini sababbi daga Kano, suka iso a jirgin ƙasa. Na jujjuya su, baƙaƙe wuluk, suna sheƙi a cikin ledarsu, sai na ji tausayinsu. (Ni ɗan gidan da ake ajiye sabuwar tabarma ne har gara ta cinye, ana zaune a kan yagaggiya.) Na yanko robar cikin taya na naɗe tsofaffin tam, na tura sababbin ƙarƙashin kujerar gaba, wai sai ranar buƙata.

Lokacin ina neman auren Falmata, 'yar Gashua. Mahaifinta ya ce ba ruwansa, magana tana hannun yayarsa Hajja Yagana. Da bikin yayar Falmata ya zo, za a kawo amarya Nguru, na yi maza na ce a motata za a ɗauko ta. So nake Hajja ta ga irin surukin da Allah ya kawo mata.

Ta shigo gaba, ta naɗe farar lafaya sabuwa dal, ƙamshin humra ya cika motar. Amarya da ƙawayenta, har da Falmata, suna baya a kan gado. Injin motar a tsakanin kujerata da ta Hajja yake, murfinsa kuwa ya daɗe ba ya rufuwa sosai.

"Ɗana, motar nan lafiyarta kalau?" in ji Hajja.

"Hajja, da hannuna nake gyara ta," na ce, har da buga ƙirji.

Daf da Jajimaji wani bijimi ya faɗo titi. Na murɗe sitiyari da ƙarfi. Sai ji na yi fas! Jan mai mai ɗumi ya yi tsartuwa ta gefen murfin, ya feshe Hajja daga kafaɗa har cinya. Sitiyari ya ƙage, motar ta gangara cikin gonar gero ta tsaya.

Falmata ta leƙo, ta ga gwaggonta jajawur, ta kurma ihu: "Jini! An kashe Hajja!" Amarya ta fashe da kukan gaske, ba irin na rabuwa da gida ba. Hajja kanta ta rufe ido tana kalmar shahada. Motocin da ke bayanmu suka tsaya, maza suka fito a guje, wani har yana kiran a nemo ruwa a ba ta.

Ni kuwa, maimakon in yi shiru, sai na ɗaga murya: "Ku kwantar da hankalinku, mai ne! Kuma ina da sabon tiyo!"

Sannan na ce, "Hajja, ɗan ɗaga, a kansa kike zaune."

Ta buɗe ido. Ta sauko a hankali, lafaya tana ɗiga. Na zaro su a gaban jama'a, ko ledar ba a farke ba. Ta dube su, ta dubi robar da ke reto a jikin injin.

"Yau ka saye su?"

"Tun kafin damina, Hajja."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja murfi. Na tuɓe babbar riga, na kwanta a cikin gero da sifana, na kwance tsofaffin, na ɗaura sababbin, na zuba mai. Ko shayin da ƙawayen amarya suka ɗora a murhun motar bai gama dahuwa ba na kammala. Wannan saurin ya fi komai ba ni kunya. Sitiyari ya dawo laushi kamar auduga, amma Hajja ta riga ta koma motar baya.

Bayan biki ta aiko da amsa ta bakin ƙaninta. Ta ce ba zancen lafaya ba ne, ta yafe. Amma, in ji ta, mutum irina idan ya saya wa Falmata zane, sai na jikinta ya yage a tsakiyar kasuwa kafin ya fito da shi. Wani mai sayar da kifi aka ba Falmata, kuma har ga Allah abin ya yi mini ciwo.

Tun daga ranar, ko takalmi na saya a shagon nake sa shi, in bar musu tsohon. Matata tana cewa ba ta taɓa ganin mutum marar adana irina ba. Ni kuwa sai in yi dariya, don adanar da na yi a da ce ta hana ni Falmata har ita ta same ni.