Dandamalin Alhaji Sada

Mu Katsinawa akwai baiwar da Allah ya yi mana wadda bai yi wa kowa ba: ba a koya mana abu. Ko jirgin sama ka nuna wa Bakatsine, zai dube shi sama da ƙasa ya ce ai kakansa ya taɓa gyara irinsa a Jibiya. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni, don labarin nan na ɗan'uwana ne, Alhaji Sada mutumin Kaita, kuma wallahi da ni ne a matsayinsa, abin da ya yi shi zan yi.

Fataucin wake ne ya kai Alhaji Sada Sapele, can ƙasar kudu, garin da ake wata tara ana ruwa, sauran ukun kuma ana shirin yi. Ga zafi mai maiƙo. Ka yi wanka ka fito, kafin ka ɗaure tazuge gumi ya sake yi maka wani. Rigar da ka shanya ran Litinin, ran Alhamis tana nan da danshinta, har da fumfuna a wuya.

Hausawan unguwarsu majalisa ɗaya gare su, bayan la'asar, a barandar shagon Alhaji Tasi'u Bakano. Ba don Tasi'u ya fi kowa ba, sai don nan Malam Jatau yake shimfiɗa buzunsa. Malam Jatau kuwa shi ne dattijon unguwa, mutum ne ƙato mai nauyin jiki da nauyin baki, inda ya zauna nan majalisa take. Shekara shida Alhaji Sada yana zuwa, kuma kullum a can gefe yake samun wuri, daidai bakin indararo, inda feshin ruwa ke dukan ƙeyarsa. Abin yana ci masa rai ba kaɗan ba. Bakatsine guda, a ce kullum shi ne ɗan rakiya a ƙofar Bakano! Ya yi rantsuwa sai ya dawo da majalisar nan ƙofar gidansa.

To amma ƙofar gidan nasa taɓo ce zalla. Ya taɓa gina dakalin siminti, damina ɗaya ya nutse ya tsage gida uku. Sai aka ba shi shawara ya yi irin na mutanen garin, dandamalin katako a kan turaku, sama da ƙasa, da rumfa a kai. Aka ce kuma in yana son aiki mai kyau, ya nemi Baba Ndako, wani tsohon kafinta Banufe da ya shekara talatin a garin.

Kun dai san mu da Nufawa, wasa ne tun kaka da kakanni. Baba Ndako na sauka daga keke Alhaji Sada ya ce, "Ashe bawan nawa ne. Ka gaida ubangijinka da kyau."

"Ina ka taɓa ganin bawa ya zo ceton ubangijinsa?" in ji tsohon. "Nuna mini wurin, ɗan ƙasar rairayi."

Ya auna, ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo da mota cike da katako. Alhaji Sada na ganin katakon ya ɓata fuska. Kore-kore ne, ga wani wari kamar na asibiti.

"Mi zan gani haka? Ɗanyen itace ka kawo mani?"

"Wannan koren shi ne ransa, Alhaji. Cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ake jera shi, a rufe ruf, a matsa masa magani da ƙarfin inji har ya shiga jikinsa. Gara ba ta kusantarsa, ruwa ba ya cinsa. In ka bar shi yadda yake, sai ya shekara ashirin."

Alhaji ya ce ai ya sani, gwada shi yake yi.

Da aka fara shimfiɗa katakon, ya ga tsohon yana barin 'yar tsaga tsakanin kowane biyu, kamar kaurin ƙusa. Nan ma ya taso. "Ndako, ni za ka yi wa wayo? Katakon ne bai isa ba kake ja mashi nesa da juna kamar haƙoran tsohuwa?"

"Ta nan ruwa zai zube. Kuma ƙarƙashin nan a buɗe za a bar shi, kada ka kuskura ka toshe. A garinku rana ce ke busar da kaya, a nan iska ce kawai. In katako bai sha iska ba, ruɓewa zai yi."

Alhaji ya ce wannan ma ya sani.

Aka gama dandamali, kuma gaskiya ya yi kyau. Ruwa na sauka yana zurarewa, ana ɗaukewa wuri ya bushe. Alhaji Sada ya aika wa Malam Jatau goro da gayyata. Dattijon ya zo, ya taka nan, ya taka can, ya yi gyaran murya, ya shimfiɗa buzu. Shi ke nan, majalisa ta dawo. Ranar Alhaji Sada bai iya cin tuwo ba don murna. Har Alhaji Tasi'u sai da ya rufe shago ya biyo sahu, ya zauna a gefe.

Sai dai Bakano ba ya zama da baki a rufe. Ran farko ya shafa katakon ya ce, "Alhaji, gansakuka ce tun daga kanti, ko bai gama nuna ba ne?" Aka yi dariya. Ran na uku igiyar carbin Malam Jatau ta tsinke, 'ya'yan suka bi tsaga suka zube ƙasa, kaji suka yi ta rububi. Bayan mako guda wata akuya ta mai da ƙarƙashin dandamalin gidanta, duk lokacin da aka ɗauko magana mai muhimmanci sai ta sa baki. Tasi'u ya ce shi dai a iya saninsa, mutum iri biyu ake ɗorawa a kan tsurar katako, mai jiran shayi da wanda aka yi wa wankan ƙarshe.

Wannan maganar ta soki Alhaji Sada har ƙashi. Kuma ku yi masa adalci, a ina aka taɓa zaunar da manya a kan abin da ba shimfiɗa? A gidanmu ko ɗakin kara ne sai an yi masa daɓe an shimfiɗa tabarma. Ya kwana yana juyi, gari na wayewa ya nemo wani kafinta, irin waɗanda ko ce musu ka yi su kafa ƙofa a rufin ɗaki za su ce to.

Aka kawo inji aka kankare koren nan tas, katako ya fito fari sol. Aka shimfiɗa leda mai furanni, aka bi ta da ƙananan ƙusoshi kamar ana yi wa riga aiki. A kan ledar aka ɗora jan kafet mai kauri. Ƙarƙashi kuma aka zagaye shi da kwano, ko ƙadangare ba zai samu hanya ba, balle akuya. Kai, wurin ya koma kamar falon ango! Tasi'u ya zo ya duba, ya rasa abin kushewa, sai ya yi ta tauna goro.

Ana nan Baba Ndako ya biyo ta layin a kan kekensa. Ya tsaya, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, yaushe ya rasu ba a gaya mini ba? Na ga har an yi masa likkafani."

"Kai da aka haifa cikin kwalekwale, mi ka sani game da shimfiɗa?" in ji Alhaji Sada. Majalisa ta kwashe da dariya, tsohon ya kaɗa kai ya wuce. Alhaji ya yi kwana uku yana maimaita wa mutane amsar da ya ba shi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake kamawa. Feshin ruwa na shiga ta gefen rumfa, kafet ya sha, ya bi ramukan ƙusa ya kwanta ƙarƙashin leda. Daga ƙasa kuma tururin taɓo na tasowa, ya rasa hanyar fita. Wani wari ya fara tashi, sai Alhaji ya sayo kasko da turaren wuta. Lemar kwaɗi ta fara tsirowa a bakin kafet, kullum da safe sai ya tsuguna ya cire abarsa kafin kowa ya gani. Da wurin ya fara lotsawa in an taka kuwa, murna ma ya yi.

"Kun ji laushi?" yake ce wa jama'a. "Kafet mai kyau haka yake, sai ya tsufa yake daɗi."

Ranar da abin zai faru Juma'a ce, majalisa ta cika maƙil. Malam Jatau yana ba da labarin wani damben da ya gani yana saurayi, labari ya yi daɗi, sai ya miƙe don ya nuna yadda aka kai naushin. Ya ja da baya, ya ɗaga hannu, ya buga ƙafa ɗaya.

Ba a ji ƙara ba ma, don ruɓaɓɓen katako ba ya ƙara. Sai dai aka ga dattijo yana raguwa. Ya nutse har hammata, shi da buzu da kafet, hannunsa na nan a sama a dunƙule. Kwaɗi suka yi ta tsalle suna fitowa ta gefensa. Salati ya kaure. Ƙarti huɗu ne suka ciro shi da ƙyar, babbar rigarsa ta Juma'a ta koma kalar taɓo, takalmi ɗaya kuma har yau yana can.

Malam Jatau ya ɗauki jiƙaƙƙen buzunsa, ya nufi barandar Tasi'u yana ɗingishi, jama'a suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Sada ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, sai ya tuna ta riga ta tsage. Ya bi su da gudu, ya durƙusa.

"Allah ya huci zuciyar Malam! Wallahi ba laifina ba ne, Banufen nan ne ya cuce ni. Katakon jabu ya kawo mani. Da kunnena na ji ya ce shekara ashirin!"

Dattijon ya matse gefen rigarsa, ruwa ya zuba, sannan ya ce, "A kira shi. In laifinsa ne, ya gyara mu koma. In naka ne, Sada, wurinka na da yana nan, ba wanda ya zauna."

Aka kira Baba Ndako. Majalisa duka ta rako shi bakin ramin. Ya ɗaga gefen kafet, ya ɓanɓare leda, ya sa yatsa a jikin katakon, yatsan ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa kwanon da aka zagaye wurin da shi.

Alhaji Sada ya ga tsohon ya yi shiru, sai ƙarfinsa ya dawo. Ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ndako, tsakaninka da Allah, ba kai ka ce mani an yi wa katakon nan maganin gara ba?"

"Na ce."

"Ba ka ce an yi mashi maganin ruwa ba?"

"Shi ma na ce."

"To gaya wa jama'a, mi ya cinye shi?"

Baba Ndako ya goge yatsansa a jikin jan kafet, ya juya wajen Malam Jatau.

"Malam, an yi masa maganin gara, an yi masa maganin ruwa. Maganin Bakatsine ne har yau masu injin ba su gano ba."